Rasuwar Shafin Layin Casa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni zama a majalisa, ni Abdulkahar Abarshi nake sanar da manoman Randagi da Kusasu da Saminaka rasuwar shafinmu na intanet, Layin Casa, ranar Talata da hantsi, yana da shekara huɗu.

Ni na gina marigayin da yaren kwamfuta na Java, a kan firamwok, wato ginshiƙin da magina shafuka ke ɗora aikinsu a kai. Aikinsa guda ne, raba wa manoman ƙungiyarmu ranakun injin casar masara. Mutum na zaune a ƙauyensu zai zaɓi rana a waya, ba sai ya ratso daji a babur ba. Marigayin bai san ɗan gidan wane ba. In ya karɓi sunanka sai ya ce “ƙilin!”, magana ta ƙare.

Ya yi doguwar jinya, kuma ina gani. Shekara biyu firamwok ɗin na neman a sabunta shi, ina cewa sai bayan kaka. Sau uku Lailatu, sakatariyar ƙungiya, ta ce in ajiye kwafin sunayen, na ce mata na ajiye. Ban ajiye ba. Ranar Talatar nan, ana tsakiyar casa, na ɗura masa gyaran shekara biyu lokaci guda, ban gwada a gefe ba. Ya yi fari fat. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “Kuskure 500”. Garin in tashe shi na goge rumbun sunayen da hannuna.

Ya bar manoma ɗari biyu da sha ɗaya da ba su san ranarsu ba, da Malam Gambo mai injin, wanda ya isa Randagi jiya ya tarar da gida uku kowa ya share masussuka. Masarar Furera, gwauruwa mai 'ya'ya biyar, har yau tana zube a gona.

Wanda ya ji ina cewa matsalar sabis ce, ya yafe mini.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a ofishin ƙungiya, inda za a goge abin da ya saura. Lailatu za ta karɓi gaisuwa. Ni ba za a same ni ba, zan fita da littafi da biro, gida-gida, ina tambayar kowa ranarsa.