Ramakon Ranar Ƙafa

A duk faɗin Mabera ba a taɓa yin mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga binciken jikin ɗan Adam kamar Attahiru ba. Jikin da yake bincika nasa ne, shi ma daga cibiya zuwa sama.

Sana'arsa sayar da caja da rigunan waya, amma wannan, in ji shi, abin rufin asiri ne kawai. Aikinsa na gaskiya yana gidan ɗaga ƙarfen Junaidu, bayan masallacin unguwa. Can ya naɗa wa kansa sarautar Injiniyan Tsoka. Sauran 'yan ɗaga ƙarfe, waɗanda Allah ya ba idanu, suna kiransa Mazurari: sama faɗi, ƙasa tsinini.

Junaidu mai gidan siririn mutum ne, ya karanta ilimin motsa jiki a kwaleji, kuma yana da mummunar ɗabi'ar faɗin gaskiya. A bango ya rubuta jadawali da alli: kowace tsoka sau biyu a mako, a bar ta kwana biyu ta huta kafin a koma mata.

"Hutu?" in ji Attahiru. "Wanga jadawalin malalata na. Ni ƙirji da damtse kullum nika ba su, sahe da marece, kwana bakwai. Tsokata ba ta san Lahadi ba."

"To ƙahwahu hwa, Injiniya?"

"Wa ka ganin ƙahwa? Don mi anka yi wando?"

Shekara biyu ke nan yana kan wannan aƙida. Ƙirjin ya cika, ba a musu. Idan ya shiga Keke sai ya karkace. Amma ranar ƙafa, Litinin da Alhamis, kullum sai wani uzuri mai nauyi ya taso masa, wanda yakan warware daidai lokacin da aka koma ɗaga ƙarfen damtse.

To ka san komai ilimin mutum akwai inda zai kai shi ya baro. Attahiru yana neman auren Shamsiyya, ɗalibar jami'a, 'yar Malam Maccido manomin shinkafa a Kwalkwalawa. Yarinyar tana sonsa tsakani da Allah, abin da har yau masana ba su gano dalilinsa ba. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar ya je ya gaida mahaifinta, gaisuwar farko, wadda daga ita ake cewa turo manyanka, ko kuma a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ranar Laraba aka yi ruwa. Ya rako ta bakin titi, ya naɗe wando don ya tsallake kwata. Shamsiyya ta duba ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Attahiru, waɗanga naka na, ko aro ka yi wurin zalɓe?"

"Gado na. Gidanmu duk haka muke."

"To ni dai in gaya maka, Baba kallon shanun huɗa shika yi ma mutum. Daga ƙahwa shika hwarawa."

Washegari Alhamis Attahiru ya iso gidan ƙarfe da takarda da biro. Ya yi lissafi. Sau biyu a mako, shekara biyu, ranar ƙafa ɗari biyu da takwas ke nan suka wuce shi.

"Yau zan rama su," in ji shi.

Junaidu ya ajiye tsintsiya. "Ka rama mi?"

"Ramako mana. Wanda azumi ya kuɓuce mai ba ramawa shikai ba?"

"Ko azumin, Mazurari, ɗaya-ɗaya aka ramawa. Ka taɓa ganin wanda yar rama talatin rana guda?"

"Don ba su da himma na."

Ya ɗora ƙarfe a wuya ya shiga tsuguna-tashi. Ya yi tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa bango har ƙadangarun gidan suka daina gudu, suka tsaya kallo. Ya hau matakala ya sauka, ya ja tayar tirela, ya koma tsuguna-tashi. Duk wanda ya gama sai ya soke rana ɗaya a takarda. Kafin azahar ya soke wata bakwai. Ana kiran la'asar ya kammala shekara biyu, ya ninke takardar, ya fita yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

"Ka gani? Ko ciwo babu."

"Ba na yau ba na," in ji Junaidu. "Ciwon ƙahwa jibi shika zuwa."

Ranar Juma'a cinyoyin suka fara aiko da gaisuwa. Attahiru ya ce alamar girma ce, har ya auna su da igiya. Ranar Asabar kuwa suka zo da kansu. Minti ashirin ya yi tsakanin katifa da ƙofar ɗaki. Duk da haka ya sa farar shadda, ya fesa turare, Junaidu ya ɗauko shi a babur a matsayin ɗan rakiya. Kowane rami a hanyar Kwalkwalawa sai da Attahiru ya ambaci sunan Allah a kansa, har Junaidu ya ce bai taɓa sanin yana da addini haka ba.

Suka tarar da Malam Maccido a ƙofar gida, gindin bishiyar dogon yaro, shi da ƙannensa biyu a kan tabarma. Ɗan tsoho ne busasshe, ba ruwan jikinsa da ƙirji. Yadda aka saba, saurayi ya cire takalmi daga nesa, ya tsuguna ya gaida manya. Saukar ba ta ba Attahiru wahala ba. Ƙafafun ne suka sake shi, ya tafi ƙasa gaba ɗaya kamar an yanke igiyar guga.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, samari. Ina gajiya?"

"Babu gajiya," in ji Attahiru, hawaye na taruwa.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka tambayi damina. Malam Maccido ya nuna gefen tabarma. "Taso ka zamna nan."

Attahiru ya ba ƙafafunsa umarni. Ba su amsa ba.

"A'a Baba, nan ma ya yi."

Tsofaffin suka dubi juna. "Ka ga ɗan mutunci," in ji ɗaya. "Yaran yanzu tsaye suka gaishe ka, hannu cikin aljihu."

Aka kawo fura a ƙwarya, aka ajiye tsakiyar tabarma. Junaidu ya matsa ya sha. Attahiru ya ce ya ƙoshi. Aka yi hirar taki, aka yi ta tsuntsayen da ke cin shinkafa, aka yi ta ambaliyar bara. Yana tsugune. Zufa ta jiƙa shaddar har ta manne da shahararren ƙirjin. Wata akuya ta zo ta shinshina shi, ta ɗanɗana bakin rigar, ta ga babu mai korarta, ta gyara tsayuwa.

"Ladabin ya isa haka, ɗana," in ji Malam Maccido. "Tashi."

"Ban saba zama gaban manya ba, Baba."

"Ba zama nac ce ba. Tashi nac ce."

Attahiru ya karkata baki wajen abokinsa. "Junaidu, don girman Allah, kama ni."

"Ba ni iyawa," in ji Junaidu cikin raɗa. "Jiya na yi aikin tsokar baya. Yau hutunshi na."

Sai ladan ya kira magariba. Kowa ya miƙe, aka naɗe tabarma, aka kawo butoci. Fili ya rage daga Attahiru sai akuya. Daga bayan labulen zaure aka ji wata ƙara, irin ta mai dariya da ta cusa mayafi a baki.

Malam Maccido ya zagaya shi sau ɗaya, a hankali, yana duban ƙasa. "Mi as same shi?"

Junaidu ya zaro takardar ramako daga aljihun Injiniya, ya yi bayani tiryan-tiryan, bai rage ko tsallen kwaɗo ɗaya ba.

"Aikin shekara biyu rana guda," in ji tsohon. "Ko sa na huɗa, in ya yi yau, gobe hutawa shikai. Ɗiyata ta ce kai taka so, ba ni hana ta. Amma ba ni ba da ita ga mutumin da sai an kwashe shi. Ka zo hwadama dashen shinkahwa, Litinin da Alhamis, har a yi girbi. Ranar da kat tsugunna kat tashi da kanka, ka turo manyanka."

"Baba, in na zo kullum ba sai a gama da wuri ba?"

"Litinin da Alhamis."

Sannan ya sunkuya, ya kama Injiniyan Tsoka ta hammata, ya ɗaga shi cak, ya jingine shi da dogon yaro yadda ake jingine buhu.

Shekarun Malam Maccido saba'in da ɗaya. Da hannu ɗaya ya ɗaga shi, don ɗayan yana riƙe da buta.