Yaƙin Jarka Rawaya da Gaisuwar Barmo

Da sunan Mai iska da ruwa muke buɗe labarin sadauki Barmo ɗan Jatau, jikan Gagare mai garma, tsatson manoman da tun kaka da kakanni ba su san wani ruwa ba sai na sama da na randa. Shi ne ya tsallake gidaje dubu ya auro Lantana, 'yar Sarkin Ruwa Tunau na Tungar Bawa, a gaɓar Kwara. Tun ranar surukin nasa bai taɓa kama sunansa ba, sai dai Na-tudu. Sunan nan ya ci wa Barmo tuwo a ƙwarya, har ya yi rantsuwa sai ya wanke shi a tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska na bayan kaka.

Sai ya ɗaura ɗamarar jihadi. Ya ɗinka buhunan shinkafa ya yi wa jirginsa zanen kama iska, ya ɗaure gindin zanen da gora, ya zauna gaban masana. Suka karantar da shi cewa za a tashi daga kwata, matsayar jirage a bakin kogi, a kewaye jarka rawaya da aka kafa tsakiyar kogi, a bar ta hagu, a dawo. Iska kuwa ba a tunkararta gaba da gaba, sai a yi ta karkata dama da hagu, kuma duk juyi gorar nan za ta sharo, mai son kansa ya sunkuya. In jirage biyu suka haɗu, wanda iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya. Barmo ya haddace wannan kamar Fatiha.

Da aka busa ƙaho, rundunoni suka ɗunguma, ruwa ya dare, kifaye suka nemi mafaka. Barmo, guguwa mai kwashe rumfa, bajimin da ba ya waiwaye, ya karkata dama ya karkata hagu, ya bar mazajen ruwa suna kallon ƙeyarsa.

"Sai ni jikan Gagare!" in ji shi.

Daf da jarka ya hangi jirgi ɗaya tak yana yanko masa ta gefe. Iska tana bugowa ta daman Barmo, hanya tasa ce, shari'a tana bayansa, nasara ta miƙo hannu. Sai mai jirgin ya ɗago kai, ashe Sarkin Ruwa Tunau ne.

To, masana sun koya wa Barmo komai, amma ba su faɗa masa yadda mutum zai gitta gaban surukinsa tsaye da hula a kai ba. Kunya ta rufe shi. Ya saki igiyar zane, ya tuɓe hula, ya durƙusa.

"Baba, barka da ruwa. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji tsohon, ya kewaye jarka abinsa.

Barmo ya miƙe da natsuwar wanda ya sauke farali, daidai lokacin da zanen da ya saki ya juyo. Gora ta same shi a ƙeya, ta miƙa shi kogi. Ya yi ta kiran sunayen Allah yana bankwana da Lantana, har ƙafarsa ta taɓa yashi, ya ga ruwan iya cibiya ne.

Da ya fito kwata yana ɗiga, hula a hannu, Sarkin Ruwa ya dafa kafaɗarsa gaban jama'a.

"Duk surukaina ba mai ladabin yaron nan," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka, Na-tudu."