Sallau Ɗan Malabo da Agwagwar Gwaggo Tabawa

Wani mutum ne a kasuwar albasar garinmu, Sallau sunansa, amma in kana son ya amsa maka da fara'a sai ka ce Ɗan Malabo. Ya taɓa ɓacewa shekara bakwai cur, ba wasiƙa ba saƙo. Ran da ya dawo, da jar hula da tabarau mai ƙafa ɗaya, ya ce daga Malabo yake, can ƙasar Ikwatoriyal Gini inda ake Sifaniyanci. Tun daga ranar kunnuwan 'yan kasuwa ba su sake hutawa ba.

Ka ce rana ta yi zafi, ya ce ai a Malabo wata goma sha huɗu ake ruwa a shekara. Ka ce fetur ya yi tsada, ya ce can da shi suke wanke ƙafa.

"Ƙasar 'yar mitsitsiya ce," in ji shi. "In ka yi atishawa a gabas, na yamma ne zai yi maka addu'a. Kokon da ake cakulan da shi kuwa, awaki ma sun daina kallonsa."

"To ta yaya ake zuwa, Ɗan Malabo?"

"Mota ɗaya tak! Ka hau a tasha, ka yi gyangyaɗi, ka buɗe ido a tsakiyar gari."

In aka ce ya ɗan taɓa Sifaniyancin, sai ya murɗe baki ya ce, "Sinyoro kamaro balero." A ce, kai, Sallau an ga duniya! Kowa ya haɗiye, ban da Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka a bayan rumfar ƙungiyar 'yan albasa, da agwaginta na kiwo kusa da ita. Da ya fara zuba sai ta ja tsaki, mtsss, ta ci gaba da ƙulla daddawarta. Sallau ya ce a ƙyale ta, hassada ce ta tsufa.

Ana nan ana nan, sai Alhaji Barmo, shugaban 'yan albasa, ya tara jama'a. Ya ce wani ɗan kasuwa daga can ƙasar, Mista Esono, zai zo ganin albasa. In ta yi masa, ƙungiya za ta naɗa wakili mai kula da kaya har Malabo. Wakili fa! Ga fasfo, ga jirgi, ga kujera dab da ta shugaba.

Sallau ya buga ƙirji. "Alhaji, wannan kujera tun tana icce aka rubuta sunana a kanta."

Ya riga ya gama dabararsa. Baƙo ai da tafintansa zai zo. Shi nasa kawai ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai, yana jefa "kamaro" jefi-jefi, a naɗa shi a wuce wurin. Har farar babbar riga ya ɗinka, aka buga mata sitaci tana ƙarau-ƙarau.

Ranar da aka sa, mota ta tsaya wajen azahar. Baƙo ya fito, dogo, ya jiƙe sharkaf da gumi. Direba ya fito. Sallau ya leƙa mota yana neman na uku. Wayam!

"Ina tafintan?"

"Zazzaɓi ya kwantar da shi a Kano," in ji direban. "Ni kuwa ko sannu ban sani ba a yarensu. Da hannu muke magana tun safe."

Sallau ya soma ja da baya. Alhaji Barmo kuwa dariya ya yi. "Mu da muke da Ɗan Malabo, me za mu yi da tafintan haya? Bismilla, Sallau."

Aka zauna a rumfa. Baƙo ya yi magana mai tsawo, tarararara, ba waƙafi. Ido duka ya koma kan Sallau. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Ya ce yana gaishe ku. Ya iyali, ya gajiya, ya kasuwa."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Haka yarensu yake, Alhaji. Asarar yawu."

"To tambaye shi yaushe zai duba kaya, kuma wace iri yake so."

Sallau ya nuna buhuna, ya dage. "Albaso... kamaro... balero?"

Baƙo ya dube shi, ya dubi buhunan, ya ɗaga hannu a gajiye. "Manyana, manyana."

Wayyo daɗi! Sallau ya ji kalmar da ya sani. Ya miƙe zumbur. "Kun ji ko? Manyana! Ya ce a ware masa manyansa, ba ya son ƙanana."

"Ikon Allah! Ashe Sifaniyanci ɗan'uwan Hausa ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji. Rabuwa kawai suka yi tun suna yara."

Nan take aka zazzage buhu ashirin a ƙasa ana tsintar manya. Baƙo ya saki baki yana kallon ikon Allah. Sallau kuwa kai ya kumbura, har ya fara jin ƙamshin jirgi.

Aka kawo balangu mai zafi. Sallau ya karɓe ƙullin yaji ya juye shi kaf a kan naman. "Mutanen can da barkono suke shan shayi. In babu yaji sai ya ce mun raina shi."

Bawan Allah ya ɗauki yanka biyu ya jefa baki. Ya tauna sau ɗaya. Ya tsaya cak. Ido ya yi jawur, hanci ya ɓalle, hawaye shar-shar. Ya kama maƙogwaro yana fifita harshe.

"Agwa! Agwa, agwa!"

Wani dattijo ya yunƙura zai ɗebo ruwa a randa. Sallau ya daka masa tsawa. "Kai, ajiye! A al'adarsu ba baƙo ruwa yana cin nama zagin uwa ne. Ba ku ji abin da ya ce ba? Agwagwa! Naman sa bai yi masa ba, agwagwa yake so!"

"Yanzu-yanzu?"

"Ba ka ga har kuka yake mata ba?"

Don kada wani ya riga shi samun lada, Sallau da kansa ya naɗe babbar riga ya zagaya bayan rumfa a guje. Fat-fat-fat! Kwak-kwak! Ƙura ta tashi, faifan daddawa ya kife. Sai ga shi ya dawo da ƙatuwar agwagwa a hammata, hula a karkace. Ya durƙusa gaban baƙo ya miƙa masa ita hannu biyu. "Agwagwa, sinyoro!"

Baƙo ya dubi agwagwa. Agwagwa ta dubi baƙo.

Sai ga Gwaggo Tabawa da sandarta, tana tafe tana masifa. "Wane maras kunyar ne ya ɗaukar min..." Ta tsaya. Ta ji baƙo yana "agwa" da 'yar muryar da ta rage masa. Ta yar da sanda, ta cika moɗa a randa ta danƙa masa. Ƙwat-ƙwat-ƙwat, ya shanye. Ta ƙara, ya shanye. Sannan tsohuwar nan ta buɗe baki, Sifaniyanci ya dinga zubowa kamar an kunna famfo. Baƙo ya zabura, ya dafe ƙirji, suka shiga hira har da dariya.

Alhaji Barmo ya ce, "Gwaggo, a ina kika samo wannan?"

"A inda ake yinsa mana. Ina amarya mijina marigayi Malam Gambo ya tafi da ni, lokacin Fanya muke ce wa wurin. Shekara ashirin da biyu yana fawa a Malabo, ina sayar da tuwo."

"Amma ba ki taɓa faɗa ba!"

"Wa ya taɓa tambayata? Kuna da Ɗan Malabo." Ta juya ta harari Sallau. "Agwa, ruwa ke nan, shashasha. Saura ƙiris ka kashe musu baƙo. Manyana kuma gobe. Cewa ya yi ya gaji, gobe zai duba kaya."

Aka dubi buhu ashirin a zube a ƙasa. Aka dubi Sallau.

"Ai... ai nata na tsohon yayi ne," ya ce. "Nawa na zamani ne."

"To na zamani, a me ka je Malabon?"

"A mota."

"Malabo a kan tsibiri take, a tsakiyar teku. Motar taka iyo take yi?"

Direban baƙo, wanda tun ɗazu yake ƙare wa Sallau kallo, sai ya tafa hannu. "Haba, ni fa na ce na san fuskar nan! Ba kai ne mai yankan rake a tashar Malabu ba, can Adamawa wajen Fufore? Har ka taɓa yi min gyara!"

Dariya ta ɓarke. Wani har da faɗuwa kan albasa. Sallau ya gyara tabarau. "To Malabo da Malabu, ai harafi ɗaya ne tsakani."

Alhaji Barmo ya share hawaye da hannun riga. "Gwaggo, don Allah tambayar mana baƙo, cikin duk abin da Sallau ya faɗa masa, me ya gane?"

Ta tambaya. Baƙo ya dubi Sallau sama da ƙasa, ya girgiza kai. "Nada. Nada!"

Kai, wani mutum ba ya jin magana! Sallau ya daka tsalle, agwagwa a hammata. "Allahu akbar! Kun ji da kunnenku! Ya ce a naɗa! A naɗa ni!"

"Nada," in ji Gwaggo, a hankali, yadda kowa zai ji. "Wato babu. Ko ƙwaya."

"To ba ma ƙin maganar baƙo," in ji Alhaji Barmo. "Wakilcin Malabo na Gwaggo ne, ko daga zaune za ta yi shi. Kai kuma, Sallau, daga yau mun naɗa ka Wakilin Nada."

Daidai nan agwagwa ta gaji da matsa. Tsut! Ta sakar masa a farar rigar, tun daga aljihu har ƙasa. Gwaggo ta ɗauki sandarta ta nuna masa bayan rumfa.

"Ranka ya daɗe Wakili, ga aikinka na farko. Mayar min da ita inda ka ɗauko ta, ka tsince min daddawata."