Mai Alli Ya Riga Mai Feshi

Shekaranjiya da safe ina durƙushe da bokiti da tsumma ina goge ƙofar gidana, sai maƙwabcina tela ya tsaya a kaina.

"Malam, lafiya kake wanke ƙofa kamar za ka kai ta kasuwa?"

Na ce masa ba ƙofa nake wankewa ba, aikin hukuma nake gogewa.

Bari in faro muku daga tushe. Wata biyu ke nan da wata cuta ta shigo mana. Wani mitsitsin ƙwaro ke kawo ta, bai kai rabin sauro ba, kuma a tsagar bango yake ɓuya. In ya ciji yaro sai zazzaɓi da amai, kafin ka ankara ƙwaƙwalwa ta kumbura, yaro ya hau jijjiga. 'Yar tela ta kwana tara a asibiti. Ta dawo, mun gode Allah, amma har yau cokali na suɓucewa daga hannunta. Ni kuwa autata, mai shekara huɗu, katifarta na jikin bangon da ya fi kowanne tsagewa a gidan. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji.

Manyanmu, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, ba su zauna haka ba. Sun kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ɗan kwamiti, sannan Mai Girma Babban Mai Sa Ido Kan Masu Sa Ido ya sanar da tsari a rediyo. Kowace unguwa mutum biyu: ɗaya ya yi feshin magani, ɗaya ya zana alama da alli a ƙofa don a san an gama da gidan.

Tsari ne mai kyau, abu ɗaya kawai aka manta, wato nauyi. Mai feshi dattijo ne, ga tanki a baya, ga ciwon gwiwa. Mai alli kuwa duk kayan aikinsa a aljihun riga suke. Da ya gaji da jira sai ya ce bari ya yi gaba ya rage aiki. Kafin hantsi ya zane layinmu kaf ya wuce.

Da rana tsaka mai feshi ya iso yana haki. Ya dubi ƙofata, ya juya.

Na ce, "Baba, ina zuwa? Ai ba ka shiga ba."

"An yi muku. Ga alama nan."

"Wa ya yi? Shigo ka shinshina ɗakin."

"Ni ba a ce in shinshina ba, ƙofa aka ce in duba."

Dalilin bokiti da tsumma ke nan. Na goge alamar tas, na kasa na tsare. Jiya sai ga mai feshi zai wuce layin baya, na tare shi ina murmushin nasara. Ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Kayya, gidan nan ba alama. Ba a ƙidaya ku ba ke nan. Sai mai alli ya zo ya sa."

"In ya sa fa?"

"In ya sa, ai an yi muku."

Wallahi da tausayi ya faɗa, har da yi mini fatan alheri. Mai allin ma ba zai dawo ba. An ce an ƙara masa girma saboda babu wanda ya kai shi saurin kammala feshi.

Uwar yara ta leƙo ta ce, "Baban auta, in ka gama shari'ar, zo ka kwaɓa siminti." Muka wuni muna toshe tsagogin bango. Tela ya kawo wani yadi mai ƙananan ido ya ɗinka wa auta rufi, domin gidan sauron da aka raba mana ƙwaron nan zai ratsa shi da shi da iyalansa ba tare da ya sunkuya ba.

Da yamma na shiga ɗaki na tarar da auta a tsaye kan katifa, riƙe da guntun allin da mai allin nan ya yar a bakin ƙofa. Ta zana irin alamar nan a bango, daidai inda take sa kai.

"Baba, na sa alama. Yanzu ƙwaro ba zai cije ni ba."

Wannan kam na kasa gogewa.

Ranku ya daɗe 'yan kwamiti, ga yarinya ta fahimci tsarinku tun daga farko har ƙarshe. In kujera ta samu ku ajiye mata. Mu dai a nan addu'a muke yi Allah ya sa ta kai shekara biyar.