Yunusu da Duwatsun Gyara

"Ni Yunusu, in na dubi hili sau guda, na san buhun siminti nawa za shi ci, har da wanda magini za shi sace. Duk wanda ya sayi dutse cikin ƙasar Adar don shi yi gini, a kai shi a duba mishi kai!"

Haka yake faɗa mana kullum a fadarmu ta shan shayi, bakin kasuwar Tawa, yana buga ƙirji kamar mai kashe sauro. Abokina, gyara zama ka ji. Shekarar ta ɓace mini, ko bara waccan ce ko wadda ta gabace ta, tsufa ya fara yi mini sata. Amma Yunusu kam ba mai manta shi.

Mutumin Barmu ne. Ya yi shekara tara a Abija, ya dawo da ƙaramin tumbi, da baƙin tabarau, da metir na awo rataye a ƙugu kamar layar tsari. Yana cewa shi ne shugaban aikin wani bene mai hawa goma sha biyu. Na taɓa ratsawa ta can a yawona, na kuwa gan shi da idona a ƙofar benen, yana sayar wa leburori shayi da burodi. Ban tona ba. Sai dai duk abin da ya sani na gini, ta cikin tururin buta ya hango shi.

Wannan bai hana Sarkin Awo, kamar yadda muke kiransa, auna duk abin da ya tsaya ba. Ya shiga gidanka gaisuwar rashin lafiya, kafin ya ce maka sannu ya ja metir ya auna ƙofa, ya girgiza kai ya ce an cuce ka.

Ran nan sai ya tashi nuna wa duniya yadda ake arziki da ƙasa. Ya sayar da gonar gadonsa ta Barmu, wadda take cika masa rumbu kowace kaka, wai zai sayi parsel, wato filin gini, a bayan gari ya yi gidan haya.

Matarsa Zuhura ta ce, "Malam, gonar ga ita ka ba mu hatsi. In ginin ya ƙi fa, mi za mu ci?"

Ya ce, "Ke dai kin san tukunya, ki tsaya nan. Gona sai Allah ya yi ruwa. Gidan haya ko, ko sama ta yi shekara ba ta ɗiga ba, wata na ƙarewa kuɗɗi na shigowa."

Ta ce, "To, Allah shi sa."

Dillalin da ya sayar masa, Mumuni, mutumin kirki ne, takardunsa tsaf. Ya goya shi a babur ya kai shi sabuwar unguwar da aka yanka, fili fetal ba gida ko ɗaya. Mumuni yana sauri zai je suna, bai ko kashe babur ba, ya nuna da haɓa.

"Ga ta can, dab da aduwar can. Gobe ka kira jewometir shi tono maka born ɗinka huɗu, rairayi ya rufe su."

Jewometir shi ne mai awon filaye, born kuwa turakun siminti ne da ake kafawa a kusurwa. Yunusu ya kyalkyale da dariya har babur ya yi layi.

"In biya wani ƙato shi nuna mini abin da na saya? Mumuni, ka san da wa kaka magana?"

Washegari ya koma shi kaɗai. A gindin aduwa ya tarar da filaye biyu. Na hagu fayau, ko tsinke babu. Na dama kuwa ga tulin duwatsu jajaye, irin na tudun Adar, sun kai tsayin mutum. To kai da ni mun san ma'anar wannan. Mai albashi ba ya gini rana ɗaya. Yau ya zuba amalanken dutse, bayan wata uku ya ƙara wani, tulin nan shi ne bakinsa, yana cewa wurin nan da mai shi. Jakin da ya kawo dutsen ma ya san haka.

Yunusu ya zagaya tulin sau uku, ya auna shi, ya ɗaga hannu sama ya yi godiya. Da la'asar sai ga shi a fada yana sheƙi.

"Jama'a, ku koyi ciniki! Kun sayi hatsi an yi muku gyara, kun sayi nama an yi muku gyara. Ni na sayi hili, an yi mini gyaran dutse!"

Na ce masa, "Yunusu, ka dai tambayi Mumuni."

Ya ce, "Haba Malam, in tuna mishi shi zo shi kwashe? Ku masu karatu, wayonku cikin tawada ya ƙare."

Na ci gaba da shan shayina.

Ya ɗauko Baba Ciɗo, tsohon magini wanda rabin katangun Tawa sun san tafin hannunsa. Ciɗo ya dubi tulin, ya dubi Yunusu.

"Duwatsun ga na wa ne?"

"Gyara ne, Baba."

"Shekara arba'in ina gini, ban taɓa ganin gyaran da sai amalanke goma sun ɗauke shi ba."

"Ai ba ka taɓa aiki da mai ido ba. Ɗauki cebur."

Ciɗo ya ɗauka, tunda ba shi ya sayi filin ba. Ya haƙa, ya jera duwatsun nan, ya yi tushe wanda ko giwa ta yi rawa a kai ba zai motsa ba. Da aka zo buga birik, wato bulon siminti, sai rigima ta tashi. Ciɗo ya ce buhu ɗaya birik talatin, in an matsa. Yunusu ya ce saba'in.

"Saba'in? Siminti ne ko gishirin miya?"

"Baba, a Abija nuna wa rairayi buhun kawai akai, shi kama jikinshi."

"To ni ban iya dambu ba, gini na iya. In wanga abu ya faɗa wa mutane, sunan wa za a kira?"

Ya wanke hannunsa, ya saɓa gatarinsa ya tafi. Yunusu ya bi shi da harara. A fada ya ce ya kori babban ɓarawo, yanzu shi ne magini, shi ne mai gida, ya tsira da kuɗin mutum guda.

Saura rairayi da ƙasar ciko. Mai kamyo, wato babbar motar ɗaukar rairayi, ya faɗi kuɗinsa, Yunusu ya kira shi ɗan fashi da rana. Ya waiga hagu, ga filin nan fayau, rairayi mai laushi kamar gari.

Ya ce wa leburorinsa, "Ku haƙa nan."

Suka ce, "Maigida, ai hilin wani ne."

"Wane wani? Wawan da ya sayi hili ya bar shi ba ko dutse guda? Irinsu ne ba su cancanci ƙasa ba. Ku haƙa, mu koya mishi hankali."

Suka haƙa. Wata biyu suna haƙa. Ramin ya yi zurfin da in raƙumi ya shiga sai dai ka hangi tozonsa. Kullum Yunusu sai ya tsaya a baki ya leƙa, ya yi wa mai filin dariya, har ya raɗa masa suna Barci Gwani.

Gini kuwa ya tashi, in dai za a kira shi haka. Ɗaki huɗu a jere, kowane ya ɗan karkata ya jingina da ɗan'uwansa kamar masu dawowa daga kokawa. Ya lulluɓe shi da fenti kore shar, ya kafa allo a ƙofa: GIDAN HAYA. A fada ya buɗe makaranta, yana koyar da yadda ake gini ba jewometir, ba dutse, ba kamyo. Wani bawan Allah, na manta sunansa, mai sayar da albasa dai, har ya fara rubutawa a bayan kwali.

Damina ta sauka, aka ba ƴan lakkol, wato ƴan makarantar boko, hutu. Wata Asabar da hantsi Yunusu yana zaune a ƙofar gidan yana jiran masu haya, sai ga babur ya tsaya. Wani siririn mutum mai farin tabarau ya sauko, da matarsa a baya riƙe da jaka. Suka tsaya suna duban gidan, suna duban aduwa, suna duban juna.

Yunusu ya miƙe yana washe haƙora. "Maraba, maraba! Mushe ne ko, malamin makaranta? Na gane daga alƙalamin aljihu. Ku malaman lakkol nika so, albashinku ba ya ƙarya. Bismillah, ku shigo ku gani. Madam, a yi hankali da ƙofa, ba ta son a ja ta da ƙarfi."

Mutumin ya ce, "Gafara dai, sunana Bulus, ina koyarwa a Tebaram. Wannan maiɗakina ce, Debora."

"Madalla! Ɗaki biyu ko guda?"

"A'a. Duwatsunmu muke nema."

"Waɗanne duwatsu?"

"Shekara shida muna tara su a nan. Kowane hutu mukan zo mu duba su, mu ƙara amalanke ɗaya. Ko mun ɓata hanya ne, Debora?"

Madam Debora ba ta ɓata hanya ba. Ta durƙusa ta dubi tushen ginin, ta shafa wani jan dutse, ta miƙe tana karkaɗe hannu.

"Ba mu ɓata ba. Ga su nan an zauna musu a kai."

Abokina, hayaniyar da aka yi ban iya kawo maka ita duka ba. Yunusu ya zaro metir, ya zaro takarda, ya yi rantsuwa da Abija. Aka kira Mumuni, aka kira mai unguwa, mu ma ƴan fada muka bar buta a kan wuta muka taho. Zuhura ta iso da mayafinta a karkace. Daga ƙarshe mai unguwa ya ce a kira jewometir, kuma wanda ya yi gini shi zai biya. Yunusu ya biya.

Jewometir ya zo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya sa aka tona. Born ɗin Mushe Bulus huɗu suka fito, gidan kore yana zaune daram a tsakiyarsu.

Yunusu ya ce da ƙaramar murya, "To tawa fa?"

Jewometir ya naɗe ƙafar wandonsa, ya taka zuwa hagu, ya tsaya a bakin ramin. Ruwan sama ya cika shi fal, ya yi kore, kwaɗi suna ta wa'azi.

"Taka ta fara daga nan. Born biyu na gani. Sauran biyun sai an samo wanda ya iya iyo."

Mumuni ya ce, "Ai na ce maka dab da aduwa!"

"Ba ka ce hagu ba!"

"Na ce ka kira jewometir!"

Ɗaya daga cikin leburorin ya leƙo ta bayan taro ya ce, "Maigida, ashe kai ne Barci Gwani?"

Zuhura ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Malam, wagga ita ce gonarmu ta Barmu? To bana mi munka shuka, kwaɗi?"

Mushe Bulus mutum ne mai taushin zuciya, irin wanda kan ba sauro haƙuri kafin ya kore shi. Da ya ga gumi na bin wuyan Yunusu sai tausayi ya kama shi. Ya ce wa mai unguwa, tunda gini ya riga ya tsaya, su za su karɓe shi, su riƙa biyan mai shi a hankali, ko ya samu ya fanshi wata ƴar gona. Nan take Yunusu ya farfaɗo. Ya gyara tabarau, ya kumbura.

"Mushe, ka yi sa'a. Irin wanga gini ko a Abija sai manya. Don dai kai ne."

Madam Debora ta ce wa mijinta, "Dakata, Baban Luka. Ko tukunya za ka saya sai ka ƙwanƙwasa."

Ta ciro mabuɗin babur, ta je jikin bango ta ɗan sosa. Fenti ya ɓare, rairayi ya fara zuba, shuuu, kamar an huda buhun gero. Ta cire hannu, bai daina ba. Muna tsaye muna kallo har rami ya buɗe, muka hango aduwa ta cikin ɗaki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe mai unguwa, tushen nan namu ne, dutsenmu ne, kuma wanda ya jera shi ya san Allah. Abin da ke sama kuwa, mai shi ya zo ya kwashe kayansa. Ba zan kwantar da ƴaƴana a cikin wannan ba."

Mai unguwa ya ce magana ta yi, ya ba Yunusu kwana bakwai ya rushe ginin.

Yunusu ya ɗora hannu a ka. "Kwana bakwai? Madam, ki ji tsoron Allah! Rushe gida wasa ne? Ina kuɗɗin lebura, ina na diga, ina na guduma?"

Ta dube shi daga tabarau har metir, ta hau bayan babur ta gyara zama.

"Kai da ka iya rage tsada? Kada ka ɓata kuɗinka, bawan Allah. Gobe zan aiko maka da tsintsiya."