Rasuwar Barewa, Motar da Kunyar Suruki ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Abdulbaqi mai walda na unguwar Inkil yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da masu dariyar ƙeta rasuwar motarsa Barewa, wadda ta cika ranar Asabar a hanyar barikin Shadawanka, a fitarta ta farko.

Marigayiya ba 'yar kamfani ba ce. A tsakar gida aka haife ta, inda mai ita ya yanka ƙarfe ya haɗa mata ƙashi da hannunsa, ya dasa mata injin tsohuwar Golf, ya shafe ta da jan fenti. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ƙirjinta dab da ƙasa. Ba ta taɓa sa an tura ta ba. Da an murɗa makulli sai ta ce "gurrr-rum", kajin maƙwabta su watse.

Ciwon ajali ya shige ta ta ƙafar gaba. Akwai ƙarfe biyu da makanikai ke kira nokul, su ke riƙe tayoyin gaba, a jikinsu birki da sitiyari ke kamawa. Abdulbaqi ya riga ya zaɓi nasa, tsofaffi 'yan Beljiyam, munana amma lafiyayyu. Sai labari ya kai kunnen Alhaji Hammawa, mai sayar da kayan mota a kasuwar Wunti, baffan matarsa Ni'ima, wanda shi ya ba da aurenta. Ya aiko cewa ya ji ana neman kaya a waje alhali akwai su a gida.

Abdulbaqi ya je, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka miƙo masa wasu masu sheƙin baƙin fenti, wai sababbi fil. Kowane mai walda ya san yadda ake tambayar ƙarfe lafiyarsa: a rataye shi, a ƙwanƙwasa da sifana, a saurari amonsa. Sifana tana aljihunsa. Amma ƙwanƙwasa kayan suruki a gabansa daidai yake da ce masa maƙaryaci. Alhaji kuwa ya biyo shi har gida, ya zauna a tabarma yana sa albarka sai da aka ɗaure noti na ƙarshe.

A wani ɗan rami da ko keke ba zai kula da shi ba, nokul na hagu ya ce "ƙas!" Taya ta kama gabanta ta nufi bariki, Barewa ta kifa hanci cikin lambatu, ƙashinta ya murɗe. Da aka kankare fentin sai ga tsohuwar tsaga, an cike ta da fila, ƙullin da masu gyaran mota ke rufe aibi da shi. Alhaji ya ce ƙaddara ce, ya ƙara da cewa yaran yanzu ba su iya tuƙi ba. Wannan maganar ta fi wa Abdulbaqi ciwo a kan haƙorin da ya bari a jikin sitiyari.

Marigayiya ta rasu ta bar taya uku, fitila ɗaya mai kallon sama, da nokul na dama, wanda ake tuhuma da irin halin ɗan'uwansa.

Za a ɗauko gawa ranar Litinin, lokacin da ciniki ya kankama, a shimfiɗe ta a ƙofar shagon Alhaji Hammawa, da karyayyen ƙarfen a kan ƙirjinta. Nan za a yi zaman makoki, kuma mai rashi ba ya gaggawar tashi. Ana gayyatar makanikai, direbobi da duk mai niyyar sayen kayan mota a Wunti. Abdulbaqi ɗan tarbiyya ne, zai zauna a gefe, kai a sunkuye, ba zai ce uffan ba. Babban gida shi ke karɓar gaisuwa, don haka duk mai son jin abin da ya kashe ta sai ya tambayi Alhaji.