Ranar da Aka Amsa Mini Sallama a Maƙabarta

Ba zan taɓa mantawa da wata tsakar rana ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Ni ɗan Mandawari ne, kuma tun a sakandare tsawona ya kai ni ƙwallon raga. Na buga wa makaranta, na buga wa jiha, har wani kamfani a Legas ya ɗauke ni ina ci da tsalle. Da gwiwa ta ce ta gaji, na tattaro na dawo gida ba aiki, sai girman kai (wannan kam da shi na dawo cikakke).

Sabuwar gwamnati ta naɗa sabon daraktan wasanni, aka ce yana neman kocin matasa. Zai zo ya ga yadda nake horar da samarin unguwa da na tara, in ya gamsu aiki nawa ne, in bai gamsu ba in koma zaman dakali. Filin atisayenmu na bayan wata firamare ne wajen Ƙofar Kabuga, katanga ɗaya ta raba shi da tsohuwar maƙabarta. Da yamma muke wasa, amma Darakta ya ce shi sai kafin azahar yake da sarari. Irin lokacin nan ne, muna yara, kakata take hana mu ko leƙa zaure, wai ba mu kaɗai ke yawo ba.

Da Darakta ya iso rana ta take, ko tsuntsu ba ya kuka. Ana cikin wasa Sabi'u, gwaninmu na dukan ƙwallo, ya zabga ƙwallo ta haye katanga. Kafin wani ya motsa sai ga ta ta dawo. Ba jefo ta aka yi ba, ɗago ta aka yi, a hankali, ba ta ko juyawa, ta sauko daidai saman raga. Na yi shekaru a wasan nan, ban ga ɗagawa mai kyanta ba. Na hura usur na ce a ci gaba, amma idona na kan katangar.

Can ƙwallo ta sake hayewa. Muka jira, ba ta dawo ba.

"Sabi'u, je ka ɗauko."

"Koci, wallahi gara ka kore ni."

Darakta yana kallona, don haka na yi dariyar ƙarfin hali na ce yaran zamani ba su da zuciya. Na bi ta inda katangar ta zube, na tuɓe takalmi, na shiga. Zafin ƙasa na cin tafin ƙafata, amma bayana sanyi yake ji. Na yi abin da aka koya mana tun muna yara, na ɗaga murya don a ji ni a fili: "Assalamu alaikum, ya ku ma'abota kaburbura."

"Wa alaikumus salam," in ji wata murya daga ƙarƙashin ƙasa.

Sai hannaye biyu, jajur da ƙasa, suka fito daga wani rami riƙe da ƙwallona.

Ban bi ta inda na shigo ba. Katangar nan da ta fi ni tsawo na tsallake, ina salati da muryar da ban san ina da ita ba. Wandona ya kama a sama ya tsage har ƙugu, na faɗo gaban Darakta ina cewa, "Sun tashi! Sun tashi!"

Jim kaɗan wani dattijo ya zagayo da diga a kafaɗa da takalmana a hannu. Ashe cikin masu haƙar kabari ne, akwai jana'iza bayan azahar.

"Ɗan nan, ka yi sallama, in ƙi amsawa?"

Samarina suka zube ƙasa don dariya, Darakta har da share hawaye. Na so ƙasa ta tsage in shige (sai na tuna daga inda na fito). Don in rage kunya na ce, "Baba, mun gode da wadda ka ɗago mana ɗazu."

"Wacce? Ni wannan kaɗai na gani, ita ma kaina ta faɗo. Kuma ni kaɗai ne a ciki."

Dariya ta ɗauke.

Darakta ya ba ni aikin, wai gwiwar da ta yi wannan tsalle ba ta mutu ba. Sai dai ya ce babu wani filin, a nan za mu zauna. Na yi shekaru ina horar da 'yan wasa a wurin, wasu har sun buga wa ƙasa, kuma ban taɓa juya wa katangar nan baya ba. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutane sallama don a ga jarumtarka, ka fara tabbatar za ka iya tsayawa in sun amsa.